Ranar da Na-San-Shi Ya Haɗa Man Ciwon Baya

Duk asibitin da ka shiga ba ka rasa mutum ɗaya wanda bai taɓa buɗe littafin likitanci ba, amma ya fi likita sanin ciwonka. A sashen gaggawa na wani babban asibiti, wannan mutumin shi ne wani mai tura gadon marasa lafiya da kowa ke kira Na-San-Shi. Ba iyayensa suka raɗa masa ba, bakinsa ne ya jawo masa. A kawo mai karaya, "Na san shi." A kawo mai suma, "Na san shi, ƙaramin abu ne." Ran da aka sauke wani ƙaton kwali a ƙofar sashen, ya zagaya shi sau biyu ya ce na'urar auna bugun zuciya ce, ya san ta tun tana sabon fitowa. Da aka buɗe, firji ne.

Shekara goma sha tara yana tura gado. Biro uku ne a aljihun rigarsa, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya rubuta komai da ko ɗaya.

Ana nan sai shugaban masu tura gado ya yi ritaya. Babbar Nas, wata mace mai tabarau wadda ko likitoci ke gyara tsayuwa in sun ji ƙarar takalminta, ta ce ranar Alhamis ƙarfe biyu za ta faɗi wanda zai gaje shi. Muƙamin ba wani abin a zo a gani ba ne: mabuɗin sito, kujera mai jingina a bakin ƙofa, da shuɗiyar riga. Amma Na-San-Shi ya riga ya ga kansa a cikin rigar nan, har ya fara tunanin ƙaro biro na huɗu. Abokin takararsa ɗaya ne, wani siririn mutum da ake ce wa Shiru-Shiru, wanda in ya yi magana goma a wuni to ranar ya yi surutu.

"Wai da wannan za a haɗa ni?" in ji Na-San-Shi. "Mutumin da ko sunan magani ɗaya bai sani ba? Ku bari Alhamis ta zo. Zan nuna wa matar nan abin da ba ta taɓa gani ba."

Nan kam gaskiya ya faɗa.

Abin da ya ba shi dabara shi ne layin masu ciwon baya. Kullum bencinan sashen cike suke da su: wanda ya sunkuya ɗaukar buhu ƙugu ya riƙe, wanda ya yi atishawa ya kasa miƙewa, duk a duƙe kamar masu neman allura a ƙasa. Ya lura likita yakan yi ta tambaya, ya danna nan, ya ɗaga ƙafa can. In ya ga ba wani mugun abu ba ne, sai nas ta sa safar hannu, ta matso wani farin mai daga ɗan bututu irin na man goge baki, ɗan kaɗan a kan yatsa, ta murza a ƙugun mutum. Ranar Litinin ya kasa haƙuri.

"Sista, wannan ɗan ɗigon me zai yi wa ƙaton mutum kamar wannan? Ai rowa ce."

"Gwargwadon da aka rubuta ke nan. Tura gadonka."

"To safar hannun fa? Guba ce?"

"Hannuna ba ya ciwo, don me zan sha masa magani?"

Ya juya yana girgiza kai. Tsoro da rowa, su ne suka tara layin nan. Tambayoyin likita kuwa ɓata lokaci ne kawai, sirrin duk yana cikin man. Wanda ya samu man da yawa, ya kuma sake hannu, zai share bencinan nan kafin a ce mene ne. Kuma in Babbar Nas ta sauko ranar Alhamis ta tarar da benci wayam, wa za ta miƙa wa mabuɗi?

Ranar Talata aka aike shi ya kai wata mai juna biyu ɗakin hoton ciki. Yana fitowa sai ya ga wata jarka da aka ajiye a bakin ƙofa cikin kayan da za a zubar. Ya buɗe. Fari tas, mai kauri, yana rawa, ga sanyi. Ya lakato ya shinshina.

"Na san shi!" ya ce a ransa. "Ashe nan suke ɓoye uwar man, suna tsakura mana 'ya'yan a bututu!"

Ya rufa mata zanin gado ya gungura ta zuwa sashensu. Can ƙarshen layi ya samu wani tela da ya wuni a kan keken ɗinki har bayansa ya ƙi miƙewa. Ya ja shi bayan labule, ya zuba masa cikin tafi biyu, ya murza.

"Wash! Sanyi!" in ji tela. "Kai, har na ji dama-dama. Allah ya saka da alheri, likita."

Likita! Kalmar nan ta shiga kunnen Na-San-Shi ta ƙi fita. Bayan minti goma tela ya ce ciwon ya dawo inda yake, amma wannan bai dame shi ba. Ai a bayyane yake, kamfani ne ya tsinka man da ruwa. Ƙarfi kawai yake bukata. Ya ce wa tela ya dawo jibi a ba shi mai ƙarfin.

Laraba da yamma matarsa ta shigo kicin ta tarar da shi a tsugune, ya sa babban kwanonta na kwaɓa fulawa a gaba, ya juye rabin man jarkar a ciki, yana juyawa da muciya.

"Maigida, me zan gani haka? Ina garin barkonona?"

"Yana ciki."

"Duka gwangwanin?"

"Da citta, da man zafi kwalba huɗu. Ke matsa, kina tare mini haske."

"Miya za ka yi ko magani?"

"Abin da ya sa ba na son yi miki bayani ke nan. Ciwon baya sanyi ne ya kwanta a ƙashi. Me ke korar sanyi?"

"Bargo."

"Zafi! Wannan da kike gani, masu digiri ma ba su kai nan ba. Gobe war haka kina matar shugaba."

Ta leƙa kwanon, hawaye suka zubo mata, ta ja baya tana tari. "To ka gwada a jikinka mana."

"Ni bayana lafiya lau. Mai lafiya ba ya ɓarnar magani."

Sai ta tuna ta ce Yayanta ma tun safe yake kwance, ya ɗaga cinyar saniya a mahauta ƙugu ya riƙe. Yayan nan nata mahauci ne, ƙato, wanda in ya shigo ɗaki sai haske ya ragu. Tun ranar ɗaurin aure bai taɓa kiran Na-San-Shi da komai ba sai "mai turin gado."

"Ki kawo shi gobe ɗaya da rabi," in ji Na-San-Shi, idonsa na ƙyalli. "Ba kati, ba layi."

"Yaya fa ba ya son wasa."

"Zai zo a duƙe, ya koma da gudu. Ki rubuta ki ajiye."

Alhamis ta zo masa yadda yake so. Babbar Nas ta hau bene taro tun sha ɗaya. Likita da nas-nas suna ciki a kan wasu da mota ta kifar. Benci ya cika maƙil. Na-San-Shi ya ja labule a ƙarshen baranda, ya jera gado ɗaya da benci biyu, ya ɗora kwano a kan kujera, ya tura jarkar ƙarƙashin gado, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu.

Inna mai shara, wadda ta fi shi daɗewa a sashen, ta tsaya ta dogara da sandar gugarta.

"Yau kuma shagon me aka buɗe?"

"Inna, je ki yi shararki. Wannan aikin ilimi ne."

"Ilimin ne yake sa ni atishawa? To ka ji, yanzu na goge nan. Ɗigo ɗaya ya sauka a tayil ɗin nan, da harshenka za ka lashe."

Ya share ta, ya fita gaban benci ya yi gyaran murya. "Masu ciwon baya! Wanda yake son ya kwana a nan ya zauna. Wanda yake son ya ci abincin rana a gidansa ya biyo ni."

Tela ya fara tashi, yana shaida wa jama'a cewa hannun likitan nan akwai sanyi. Wani malamin makaranta mai jaka ya bi shi. Can ga matar Na-San-Shi ta shigo riƙe da Yaya, yana tafe yana nishi kamar tsohuwar babbar mota a kan tudu.

Na huɗu wani dattijo ne da ke gefen benci, ya riƙe kwiɓinsa, gumi na zuba, ya kasa zama ya kasa tsayuwa. Na-San-Shi ya kama hannunsa. "Baba, taso. Na san shi, sanyi ne."

Sai ga Shiru-Shiru da keken marasa lafiya. Ya dubi dattijon, ya dubi inda ya riƙe, ya ce, "Baba, ka yi amai?"

"Sau biyu, ɗana. Fitsarin ma ja ne."

"Wannan ba na shafawa ba ne." Ya zaunar da shi a keke ya nufi ƙofar likita da shi.

"Ku ji hassada!" in ji Na-San-Shi. "Ya sace mini majinyaci! Je ka, ɗan aike. Wasu turi aka halicce su su yi."

Ya kwantar da Yaya rub-da-ciki a kan gado, tela da malam a kan benci. Malam ya ɗago kai.

"Likita, mene ne sunan maganin? Kuma ba za ka tambaye ni yadda abin ya fara ba?"

"Malam, kai a ajinka yara ne ke yi maka tambaya ko kai ke yi musu? Kwanta."

Ya tsoma hannu biyu cikin kwano, ba safa ba komai, ya kwaso ya lafta wa kowa daga kafaɗa har ƙugu. Da ya zo kan Yaya sai ya ninka, don a san gida ɗaya ake. Bai tsaya nan ba, ya shimfiɗa masa leda a baya, ya ɗora jakar ruwan zafi a kai, wai don maganin ya ratsa har ɓargo.

Da fari sanyin man ne ya sauka. Tela ya ce alhamdulillahi. Malam ya lumshe ido. Yaya ma ya ce, "Kai, mai turin gado, ashe kana da amfani." Na-San-Shi ya dubi matarsa ya ɗaga gira.

Minti biyu, malam ya motsa. "Likita, kamar ana ɗan ɗumi."

"Aiki ya fara."

"Likita," in ji tela, "ni kuma kamar tururuwa."

"Jijiyoyi ne suke farkawa. Kar ka sosa."

"Ba tururuwa ba ce, kunama ce! Wallahi kamar an ɗora mini dutsen guga!"

"Ai kai tela ne, ka saba."

Yaya kuwa ya damƙe ƙarfen gado. Gadon ne kawai ya fara rawa. Wuyansa ya yi ja, kunnensa ya yi ja, sannan ya saki wata ƙara da ta sa jaririn da ke can ɗakin awo ya daina kuka don mamaki. Ya wuntsilo daga gado, jakar ruwan zafi ta yi sama, leda ta manne masa a baya kamar fatar da ba a gama feɗewa ba.

"Wuta! Ruwa! Ku kawo ruwa! Ya gasa ni!"

Tela da malam suka zabura suka yaye labule, ba riga, suka yi baranda da gudu. Malam na fifita bayansa da littafin darasi, tela na goga nasa a bango. Duk benci aka miƙe.

Da wani ne ya ga haka, da ya nemi hanyar gudu. Na-San-Shi kuwa fitowa ya yi ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, ku shaida! Ta yaya suka shigo? A duƙe! Yanzu fa? Ga su nan suna tsere! Wa ya taɓa ganin maganin da ya tayar da mutum uku cikin minti biyar? Saura wa? A zo da ɗai-ɗai!"

"Saura kai," in ji Yaya, ya yo kansa.

Matar ta shiga tsakani. "Yaya, don Allah! Uban 'ya'yana ne!"

"Za ki samu wani! Matsa!"

Nan ne gumi ya karyo wa Na-San-Shi, ya gangaro masa ido. Ya sa tafin hannu ya share fuskarsa tun daga goshi har haɓa, da hannun da sista ta gaya masa abin da ya sa ake sa masa safa.

Duniya ta ɗauke. Ya kurma ihu, ya sa ɗaya hannun don ya goge na farkon, abin ya zama biyu. Ya ja da baya a makance ya bangaje kujera, kwano ya kife. Rabin jarka na mai ya malale a kan tayil ɗin Inna.

"Na faɗa!" in ji Inna. "Wallahi na faɗa!" Ta ɗaga bokitinta ta watsa wa Yaya a baya don taimako, ruwan ya haɗu da man ya bi baranda har bakin ƙofa.

Daga nan ba wanda ya sake tafiya da niyyarsa. Yaya ya kai hannu zai damƙi wuyan mijin ƙanwarsa, ƙafa ta kwashe shi, ya wuce shi a zaune, ya tafi suuu har sai da ya rungumi kwandon shara. Malam ya zo wucewa ya kama tela, tela ya kama labule, labule ya taho da sandarsa. Mai gadi ya shigo da gudu yana tambayar ina gobarar, bai samu amsa ba sai da ya isa ƙarshen baranda a kan bayansa. Masu jira suka hau kan benci suna ba da shawara. Wata mata ta ce a kira 'yan kwana-kwana. Wani mai karyayyen hannu ya yi dariya har ya koma kuka.

Ƙarfe biyu daidai, aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga matakala.

Na-San-Shi ba ya gani, amma ya san takalmin nan. Ya saki bangon da yake dafe da shi, ya gyara biro, ya ƙame zai yi gaisuwa.

"Ranki ya daɗe, kamar yadda kike gani, layin ya rag..."

Ƙafafunsa biyu suka tashi gaba tare. Ya sauka a kan ƙugu, aka ji ƙas. Ya yunƙura zai tashi, bayan ya ce ina.

Babbar Nas ta tsaya a matakalar ƙarshe, shuɗiyar riga a naɗe a hannunta, mabuɗi a yatsa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa nas biyu su tafi da mutum ukun a wanke musu baya da sabulu a sa musu tsumma mai sanyi, wata kuma ta wanke wa na ƙasan ido. Sannan ta sa aka ɗauko jarkar daga ƙarƙashin gado, ta gyara tabarau ta karanta.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Ranki ya daɗe, uwar man ce. Na ɗan ƙara mata ƙarfi ne."

"Wannan man hoton ciki ne. Shi ake shafa wa masu juna biyu a ciki don na'ura ta ga jariri. Babu magani a cikinsa ko ɗigo. Shi ma kwanansa ya wuce."

Yaya, da ake ja zuwa famfo, ya tirje ya waiwayo.

"Man masu ciki? Ni? Ni aka shafa wa man masu ciki?"

"Allah ya raba lafiya," in ji Inna.

Benci ya fashe da dariya. Har mai gadi, da ke kwance, sai da ya buga ƙafa.

"Da me ka ƙara ƙarfin?" in ji Babbar Nas.

Matarsa ta amsa masa. "Barkonona ne, ranki ya daɗe. Gwangwani guda. Da kwanona."

Ana haka likita ya leƙo yana cire safar hannu, ya tambayi wa ya shigo masa da dattijon nan. Aka nuna Shiru-Shiru. Likita ya ce tsakuwa ce a ƙoda ta toshe hanya, har zazzaɓi ya fara shiga, gara da ba a bar shi a benci ba. Ya dubi baranda, ya dubi na kwance, ya koma ciki bakin aikinsa.

Babbar Nas ta miƙa wa Shiru-Shiru riga da mabuɗi. "Ga aikinka na farko, shugaba. Ɗauke mini wannan daga hanya."

A kan gadon da ya tura shekara goma sha tara aka ɗora shi. Ya ce a wuce da shi ciki kai tsaye, shi ma'aikaci ne. Shiru-Shiru ya yanko masa kati, ya ajiye shi a ƙarshen layi, bayan mutum goma sha ɗaya. Inna ta zo ta jingina sandar guga a jikin gadon, ta ce ba sauri, tayil zai jira shi ya warke.

Sai da la'asar ta yi aka kai kansa. Likita ya yi masa tambayoyin nan duka na ɓata lokaci: ina ne, tun yaushe, yana sauka ƙafa, fitsari lafiya? Ya amsa su ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan kirki. Aka ce tsoka ce ta murɗe. Sista ta zo ta sa safar hannu a gabansa, a hankali, yatsa bayan yatsa. Yaya na tsaye a bakin labule, baya naɗe da jiƙaƙƙen tawul, ya kankaro ragowar haɗin a murfin kwano.

"Sista, wannan ɗan ɗigon me zai yi masa? Ga mai ƙarfin nan na kawo. Ba kati, ba layi."

"A'a! Sista, don girman Allah, gwargwadon da aka rubuta! Ko rabinsa ma ya isa!"

Sista ta matso ɗan kaɗan a kan yatsa, ta kawo bututun daidai jajayen idanunsa.

"To duba da kyau kafin in shafa. Ka san shi?"

Na-San-Shi ya dubi bututun. Ya dubi Yaya da murfin kwano. Ya dubi matarsa, wadda ta harɗe hannu tana jira. Can bakin ƙofa Shiru-Shiru na zaune a kujera mai jingina cikin shuɗiyar riga.

Ya mai da fuskarsa cikin matashi.

"Ban san shi ba."

Inna ta ajiye bokiti ta ce a maimaita, ba ta ji da kyau ba.